Yadda Na Kai Jar Saniyar Inna Jibiya Na Komo da Ita

Ana neman shekara ke nan da dawowata daga Jibiya, amma har yau duk wanda ya zauna a bencin rumfata sai ya ce, "Sanusi, wai da gaske ka kai saniya har Najeriya don sayarwa, ka komo da ita har da ƙari?" Da gaske ne. Na gaji da ba da labarin guntu-guntu a tsakanin awon gero, shi ya sa yau zan ɗauko shi tun daga tushe.

Saniyar ta mahaifiyarmu ce. Ja ce mai gajeren ƙaho, a gida Jar Inna muke ce mata. Da Baba ya rasu aka raba garke, Inna ta ce a kawo mata tata cikin Dakoro, inda za ta riƙa ganinta. Aka kafa mata turke a bayan ɗakin Inna. A shekarar nan, ba a daɗe da samun mulkin kai ba, yayana Ilu ya sayo injin niƙa daga Maraɗi, na farko a unguwarmu, ya girke shi jikin katangar da turken yake. Saniya ta zo gida da ciki, ta yi ɓari. Aka kai ta wurin bajimi, ta ɗauka, ta sake zubarwa. Daga nan neman bajimin ma ta daina. Tana cin dussa, tana cin harawa, jiki ya yi kyau, amma idonta kullum a waje, kana matsowa sai ta zabura.

Yaya Ilu ya ce juya ce, ciyar da ita asara, a kai ta Najeriya inda shanu suka fi daraja. Inna ba ta yi musu ba. Ta ce, "Kai ne babba, Ilu." Amma ranar da zan kwance ta, Inna ta daɗe tana sosa mata wuya, sannan ta ce mini, "Kada ka tsaya ka ga wanda zai tafi da ita. In mahauci ne, ba na son ka zo da labarin."

Na haɗa ta da bijimaina biyu da nake son sayarwa, na bi wani Bafillacen Azagor mai suna Bello, wanda 'yan kasuwar garinmu suke ba shanu ya kai musu kudu. Dattijo ne siriri, mai magana a hankali kamar yana tsoron tada mai barci. Muka tashi a ƙarshen damina, gero ya fara nuna, ciyawa ko'ina.

Tun a bakin gari ya dubi tsumagiyar da na yanko ya ce, "Wagga ta mi ce?"

Na ce, "Ta kora, Baffa."

Ya ce, "To, ka riƙe ta don maciji."

Shi ma yana da sanda, amma duk tafiyar ban ga ta taɓa jikin dabba ba. A kafaɗa yake saɓa ta, ya rataya hannuwa. Kuma ba ya bin bayan shanu yadda muke yi a gari. Gaba yake shiga, yana wani ɗan guna-guni a maƙogwaro, su kuwa su biyo shi a jere. In ya tsaya su tsaya. Ni da na saba hawa kamyo, babbar motar kaya, in kwana Maraɗi ran nan, tafiyar nan ta ishe ni tun kwanakin farko. Sai mu yi 'yar tafiya da safe, rana na yin zafi ya nemi inuwa ya zauna, ya ce sai sun yi tuƙa. Na ce, "Baffa, a haka sai kaka ta wuce ba mu isa ba." Ya ce, "Jibiya ba ta tashi."

Abincinmu fura da nono, sai garin rogo da ƙuli-ƙuli da na ƙunso. Kwana kuwa inda shanu suka kwanta. Ƙarangiya ta cika mini wando har na daina cirewa. Sabulun da matata ta sa mini a jaka, na ajiye shi bakin tafki ina wanke fuska, wani ɗan bijimi ya lashe rabinsa, Bello ya yi ta dariya ba sauti, kafaɗunsa kawai ke motsi.

A wata rijiya kusa da Kornaka muka tarar da taro: garke bisa garke, ana ihu, ana dukan ƙaho da sanda, shanu na tunkuyin juna a bakin kwamin shan ruwa. Namu sun ji ƙanshin ruwa, ni ma ƙishirwa ta kama ni. Bello ya juya da su can nesa gindin wasu itatuwan aduwa, muka zauna har taron ya watse. Da muka matso, shi ya riƙa jan guga, ni ina zubawa, yana kiran su kaɗan-kaɗan, raunana da masu ciki a gaba. Babu wadda ta ture wata. Na tambaye shi dalilin jiran, ya ce, "Ruwan da aka sha da duka ba ya zama a jiki. Mai ciki kuwa, sau da yawa a bakin rijiya take baro ɗanta, sai bayan kwanaki a ga jini a ce maita ce."

Abin da ba zan manta ba ya faru ne a burtali, gab da Sabon Mashi. Wata saniya ta miƙa wuya ta fizgi zangarniyar gero ɗaya a gefen gona. Sai ga mai gonar ya fito da gudu, hauya a hannu, yana zage-zage tun daga nesa. Shanu suka ɗaga kai, suka fara ja da baya. Bello ya tare shi da sauri, ya rusuna ya ce, "Kana da gaskiya, mai gona. Amma don Allah zo mu koma can gindin gawo ka zage ni, kada shanu su ji."

Mutumin ya sauke hauya. Ya bi shi kuwa har gindin gawon. Da suka isa ya buɗe baki zai ci gaba, sai zagin ya ƙi fitowa, ya fashe da dariya. Ƙarshenta shi ya aiko mana da dafaffen wake da yaji, Bello ya tatsar masa madara cikin ƙwarya.

Duk wannan lokacin ina lura da Jar Inna. Da farko a gefe take tafiya ita kaɗai, ko tsuntsu ya tashi sai ta yi tsalle. Sannu a hankali ta manne wa wata tsohuwar farar saniya, inda ta sa ƙafa nan take sawa. Wata rana da azahar na gan ta kwance, ido a lumshe, tana tuƙa. Sai a lokacin na tuna cewa na daɗe ban gan ta kwance da rana ba a gidanmu.

Da muka gangara fadamar gulbi wajen Tsibiri, inda ciyawa ta kai gwiwa, sai ta tashi da wani hali. Tana kuka, tana hawan 'yan'uwanta, ta ƙi kiwo. Na tsorata na ce ko ciwo ne. Bello ya ce, "Zauna ka gani." Kafin la'asar ta tsaya wa wani baƙin bajimi cikin garken, ya hau ta.

Ya dube ni ya ce, "Wa ya ce maka juya ce?"

Na ce, "Yayana. Kuma kowa ya shaida, ta fi shekara ba ta nemi namiji ba."

Ya ce, "Hm."

Maraɗi ba mu shiga da shanu ba, ya zagaya da su ta bayan gari saboda motoci. Ni kaɗai na shiga kasuwa na sayi takalmin taya, don nawa ya tsinke tun Kornaka ina ɗaure shi da kaba. Daga nan sai Ɗan Isa, inda 'yan duwan masu tsaron iyaka suke. Sabuwar tutarmu na kaɗawa bisa wani dogon ƙarfe, wani jandarma matashi yana ta yi mana Faransanci, Bello na amsa masa da Hausa, har ya gaji ya koma Hausar shi ma. Ashe ɗan Mayahi ne. Ya duba shanu, ya sallame mu.

Ƙetare iyaka bai yi mini kama da shiga wata ƙasa ba. Gero iri ɗaya, rumbuna iri ɗaya, gaisuwa iri ɗaya, Hausarsu tamu ce sak. Sai a bakin titin Jibiya na san na bar gida. Na duba hannun da na saba dubawa, ban ga komai ba, na sa ƙafa, sai ga wata babbar mota ta taho ta ɗaya hannun tana oda. Su a hagu suke tuƙi. Na faɗa cikin kwata, hulata ta yi nata wuri, masu sayar da rake suka yi ta yi mini sannu suna danne dariya.

Ban gama karkaɗe riga ba na ƙara wata. Bello ya aike ni in nemo inda ake duba shanun da suka shigo. Na sami wani ɗan doka na ce, "Don Allah biro nake nema." Ya laluba aljihu ya miƙo mini alƙalami. Na ce a'a, biron likitan dabbobi. Ya ce shi bai san wane irin alƙalami likitan dabbobi yake rubutu da shi ba. Sai da wani mai shayi ya sa baki ya ce, "Mutumin Faransa ne, ofis yake nufi." Abin da muke ce wa biro su ofis suke cewa, duwan su ce kwastan, kuɗinsu kuwa fam da sule da kwabo, na yi kwanaki ina miƙa tafin hannu mai kaya ya zaɓi nasa da kansa. Babu wanda ya cuce ni, gwargwadon sanina.

Muka sauka gidan wani fatoma, mai saukar da masu shanu. Ɗaki ɗaya muka samu mu da wasu mutanen Tawa, tabarma da buta, amma abinci ba laifi. A nan na fara cin tuwon shinkafa da miyar taushe a ranar da ba salla ba. Shayinsu kuma ba irin namu ba ne mai ɗaci a ƙaramin kofi. Babban kofi ake cikawa, a zuba madarar gwangwani, a tsoma burodi mai laushi kamar auduga. Na sha, amma raina na wurin namu.

Mai duba shanun sunansa Malam Garba, Bakatsine ne, gajere mai faɗin kafaɗa, da gajeren wando irin na ma'aikata. Na zaci zai fito da tsawa yadda na saba gani wurin masu allurar shanu. Sai na ga ya zo ya tsaya jikin shinge shiru, yana kallon garken. Da wani ma'aikacinsa ya ɗaga murya zai kora su cikin shingen allura, ya ɗaga masa hannu ya ce, "Yau suka iso. Bari su kwana, su sha ruwa. Gobe da sanyin safiya." Shi da Bello sun san juna tun da daɗewa, suka gaisa har da tambayar iyali. Bello ya nuna Jar Inna da haɓa ya ce, "Malam, ga wadda aka yanke wa hukunci. Ina so ka duba ta kafin dillalai su gan ta."

Washegari bayan an gama allura, ya sa aka shigar da ita tare da farar tsohuwar nan, don kada ta ga an ware ta. Ya tuɓe riga, ya shafa sabulu tun daga yatsu har kafaɗa, ya yi ta shafa bayanta yana yi mata magana, sannan ya zura hannu ta bayanta har ya ɓace. Ni kunya ta kama ni na kau da kai. Shi kuwa ya lumshe ido kamar mai sauraren wani abu daga nesa. Da ya zare hannu ya wanke, ya ce, "Mahaifarta lafiya lau. Ba ƙari, ba ruɓa, ba abin da ya toshe."

Sai ya shiga yi mini tambayoyi. Akwai wasu shanu da suka yi ɓari a inda take? Babu, ita kaɗai ce ma a gidan. Gwiwoyinta sun taɓa kumbura? A'a. Ta sha yunwa da rani? Na ce ta fi ni ƙoshi. Ya ce, "To, gaya mini inda take kwana. Mi ke kusa da ita?" Na lissafa masa: ɗakin Inna, kare, yaran unguwa da ke hawa katanga, sai injin Yaya.

"Inji?"

"Na niƙa. Daga safe har magariba."

Ya ce, "Gobe ka same ni mahauta da sassafe."

Na je. An riga an feɗe wani sa. Malam Garba ya roƙi sarkin fawa ya ba shi ƙoda da kitsenta, ya sa wuƙa ya buɗe kitsen a hankali, ya fito da wani ɗan nama da bai wuce kwanson gujiya ba. Ya ɗora mini a tafin hannu.

Ya ce, "Kowace saniya tana da irin wannan guda biyu, kusa da ƙoda. Kai ma kana da su. In ta firgita, wannan ɗan abu sai ya zuba wani ruwa cikin jini. Ruwan shi ke sa zuciya ta buga da sauri, ƙafa ta sami ƙarfin gudu. Ranar da kura ta biyo ta, shi zai cece ta. Amma ruwan nan yana kai wani saƙo kuma. Yana gaya wa mahaifa ta dakata, yanzu ba lokacin ɗaukar ciki ba ne. In tsoron na yini ɗaya ne, ya wuce, jiki ya koma daidai. In kuwa kullum ne, ga ƙara, ga kaɗaici, ga igiya ba ta iya gudu, to saƙon ba ya yankewa. Ƙwanta ba ya nuna kan lokaci, ba ta neman namiji, in ma ta ɗauka mahaifar ba ta riƙewa da kyau."

Na juya ɗan naman nan a hannuna. Na ce, "Malam, ke nan yanzu tana da ciki?"

Ya ce, "Ban sani ba, kuma ba zan yi maka ƙarya ba. Ya yi wuri hannu ya ji. Ban kuma rantse cewa injin ne kaɗai ba, akwai cututtukan da ba a gane su da hannu. Abin da na sani, saniyar da ta nemi bajimi da kanta ba a ce mata juya. Ka lura da ita: in sati uku ya cika daga ranar da aka hau ta ba ta sake nema ba, akwai alama. Ni a makaranta aka nuna mini wannan abu. Bello bai taɓa ganinsa ba, amma da shi yake aiki tun ban san haruffa ba."

Bello, da ke tsaye bayanmu, ya leƙo ya dubi naman ya ce, "Ashe ɗan ƙarami ne haka."

Ranar kasuwa bijimaina suka tafi tun da hantsi. Dillalai kuwa suka yi ta zagaya Jar Inna, don ta fi kowace cika ido, kuma yawancin masu tayawa mahauta ne. Na rasa abin yi. Yaya Ilu ne ya aiko ni, kuma a gidanmu ba a saba ƙetare maganarsa ba. In na koma da ita ta sake zubarwa, na jawo wa Inna baƙin ciki na uku, ni kuma na zama abin dariya. Na tambayi Bello, ya ce, "Saniyar uwarka ce, shi kuma yayanka ne. Ni nawa in kawo ta, na kawo." Na tsaya ina kallonta tana lasar wuyan farar tsohuwar nan. Na ce wa dillali a bar ta, ba ta sayarwa ba ce.

Malam Garba ya ja mini kunne kan abu biyu: kada in sa ta a mota, kada kuma in kora ta ita kaɗai. Farar tsohuwar ta mutane ce, za ta wuce Katsina da Bello. Dole na sayi wata 'yar karsana mai sanyin hali don ta zama abokiyar tafiyarta. Wannan shi ne ƙarin da kuke tambaya.

Na yi sallama da Bello a bakin gari. Na yi ta jero godiya, ya katse ni ya ce, "Ka shiga gabansu. In ka ji kana sauri, to ka yi sauri da yawa." Ya saɓa sandarsa ya yi kudu, garken na biye da shi. Ban sake ganinsa ba sai bana.

Na biyo wasu fatake masu jakuna da za su Kornaka da goro. Sun yi ta yi mini ba'a, wai ga mai rakiyar amarya, don ni ne kullum a baya, ina jiran shanu biyu su gama tuƙa. Guna-gunin Bello na gwada, ya fito kamar na mai ciwon haƙori, amma sun saba da shi suka bi ni. Da sati ukun ya cika ban iya cin abinci ba, ina ta kallonta. Ta yi kiwonta, ta kwanta. Washegari ma haka, jibi ma haka.

Ban kai ta gida ba. Na zagaye Dakoro na wuce da su Rumbu wurin kawunmu, ƙanen Inna, wanda ke da 'yan shanunsa a bayan gari inda ba abin da ake ji sai kurciya. Sannan na shigo gida na sami Yaya Ilu a bakin injinsa, sai da na ɗaga murya kafin ya ji ni. Na gaya masa inda na baro saniyar da karsanar da na sayo.

Ya kashe injin ya ce, "Na aike ka da saniya ɗaya ka sayar, ka komo da biyu?"

Na ba shi labarin ɗan naman da ke kusa da ƙoda. Ya saurara har ƙarshe, ya ce, "Wato injina ne ya hana ta haihuwa. To, Allah ya kai mu." Ya tada injinsa. Watanni bai sake yi mini maganar ba, sai dai in mun haɗu wurin cin tuwo ya ce, "Likita, ya mai jiki?" Inna kuwa duk ranar kasuwar Rumbu sai ta ba da dussa da kanwa a kai.

Da damina ta zauna, Kawu ya aiko cewa Jar Inna ta haihu, maraƙa mace, baƙa kamar ubanta, ta tashi ta sha da kanta. Bayan dakashi ya wuce ya aiko da madarar farko cikin ƙwarya, an rufe da faifai. Muna zaune tsakar gida aka shigo da ita. Inna ta buɗe, ta yi bisimilla, ta kurɓa sau biyu. Ba ta dubi kowa ba ta miƙa wa Yaya Ilu.

Ya karɓa ya sha, ya daɗe bai sauke ƙwaryar ba. Da ya sauke ya goge gemu, ya ce, "Sanusi, shanun nan nawa biyu da ke bayan kantina, inda ƙarar injin ke kaiwa, su ma shiru tun bara, ba haihuwa. Ka tambayi Kawu ko yana da wuri."